Kurege Da Lambun Kwari

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, ta wuce.

Kurege dai kun san shi, wayonsa ya kusa kamo nawa. Da Sarkin Noma ya raba filin lambu, tudu ya faɗo wa Kurege, Kwaɗo kuwa ya samu kwari a bakin rafi. Ga shi Kurege ya riga ya cika wa surukarsa baki cewa da tumatirinsa za ta yi miyar Salla.

Ya je ya ce, "Kwaɗo ɗan'uwa, sanyin kwarin nan ne ya dashe maka murya. Karɓi tuduna ka sha iska."

Kwaɗo ya ce, "Damina fa muke ciki, Malam Kurege."

"Ni za ka koya wa lambu?"

Aka yi musaya. Maimakon ya ta da kunya, sai Kurege ya haƙa fangali mai zurfi irin na noman rani ya dasa tumatir, yana murna ya huta da ɗiban ruwa.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Jajiberin Salla surukar ta zo da kwando, ta iske shi cikin ruwa iya wuya, 'ya'yan Kwaɗo na iyo kewaye da shi.

"Ina tumatirin?"

"Suna ƙasa, Inna. Amma tambayi kowa, a garin nan ba wanda ya kai surukinki iya ban ruwa."

Kwaɗo ya leƙo daga tudu ya ce, "Miƙo kwandon in cika miki da tumatir, Inna, ai shi ya ba ni wurin."

Ƙurunƙus kan kusu! Wanda bai yarda ba, ya je ya taɓa jelar Kurege, har yau a jiƙe take.