Rubutun da Ya Fito a Ƙofar Koriyar Mota

An yi wani mutum a wani gari, ba zan faɗi sunan garin ba don kada wasunku su fara laluben danginsu a cikin labarin. Sunan wannan bawan Allah Tanimu, sana'arsa goge fentin mota. Ku saurara, ban ce wanki ba. Wanki kowa ya iya, ruwan sama ma yana yi kyauta. Shi Tanimu, motar da rana ta cinye ake kawo masa, fentinta ya koɗe ya yi furu-furu kamar ƙafar da ta manta da mai, sai ya shafa mata man goge, ya bi ta da inji mai soso a hankali, har mutum ya ga haƙoransa a jikin ƙofa.

Shekara goma sha ɗaya yana aiki a rumfar wani dillalin motoci, Alhaji Nalado. Rumfar ta Alhaji ce, wutar da injin ke sha ta Alhaji ce, motocin na Alhaji ne. Abin da Tanimu ya mallaka a wurin bai wuce injinsa da tsummokaransa da butar alwala ba, kuma da su yake ciyar da baki bakwai a gida.

Ya ga abubuwa a sana'ar nan. Ya ga kashin tsuntsu da ya kwana uku a rana ya ci fenti kamar gyambo. Ya ga motar da uwargida ta dirje da soson ƙarfe don ta burge maigida, ta kuwa burge shi, don har yau bai manta ba. Abin da yake yawan faɗa shi ne, fenti bai fi ɓawon albasa kauri ba, duk gogewa rage shi take yi, kuma abin da soso ya ɗauke ba ya dawowa.

To, wata rana Alhaji ya shigo da wata doguwar mota koriya daga wani gari mai nisa. Lafiyarta ƙalau, sai dai ta koɗe. Har an sami mai saye: Hajiya Lantana, tsohuwar ungozoma da ta bar aikin asibiti, tana son mota mai faɗin baya da za ta riƙa ɗauko mata masu naƙuda daga ƙauyuka. Ta ce za ta zo bayan la'asar.

Tanimu ya yi bisimilla, ya fara da ƙofar direba. Yana gogewa kore yana fitowa, yana gogewa kore yana fitowa. Sai ya ga koren ya rabu biyu, wani ya fi wani duhu. Ya kashe inji, ya share da tsumma, ya ja da baya. Ga haruffa manya-manya, tsaf kamar yau aka rubuta: MOTAR JANA'IZA. A ƙasa kuma da ƙanana: KOWA DA RANARSA.

Kada wani ya ce aljanu ne. Shekara da shekaru motar na ɗauke da sitika, rana ta ci ko'ina ban da inda sitikar ta rufe. Da aka ɓamɓare, ƙura da koɗewa suka ɓoye bambancin. Gogewa ce ta tona. Ɗaya ƙofar ma haka.

Da aka kira Alhaji sai ya yi salati, irin salatin wanda ya sani amma bai so a sani ba. Ya ce a ƙara gogewa. Tanimu ya ce za a tarar da ƙarfe kafin a tarar da ƙarshen rubutun. Sai Alhaji ya rage murya, ya kawo dabarar da duk mai sana'ar ya sani: a kwaɓa kakin zuma da mai a shafe ƙofofin, launin ya haɗe, kwana huɗu ko biyar ba mai ganin komai. Bayan nan kuma mota ta zama ta mai ita.

"Ranka ya daɗe, ruwan farko zai wanke shi," in ji Tanimu.

"Ruwan farko a ƙofar gidana zai sauka? Ka ji, Tanimu: ko ka shafa, ko ka nemi wata inuwar."

Ku saurara da kyau, don nan ne wurin. Tanimu ya zauna a kan benci, Shaiɗan ya zauna kusa da shi, kuma kun san shi da iya lafazi. Ya ce masa mota ba ta da laifi, ƙarfe ne, injinta lafiya, wa aka cuta? Ya tuna masa baki bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Amma abin da Tanimu ke gani daban ne. Yana ganin mace a durƙushe cikin naƙuda, an riƙo ta za a sa a mota, ga rubutu a ƙofa. Ko ita ba ta iya karatu ba, kowane ƙauye akwai wanda ya iya, kuma galibi shi ne mai babbar murya. Daga ranar wace mace za ta ƙara yarda da Hajiya?

Bai yi wa Alhaji wa'azi ba, ya bar mana wannan. Ya tashi ya goge sauran motar tas, ya bar ƙofofin yadda Allah ya bayyana su.

Da Hajiya Lantana ta iso, Alhaji ya tsaya a gaban ƙofar direba ya baza babbar riga yana yabon tayoyi. Ta zagaya ɗaya gefen, ya riga ta. Mutum ɗaya, ƙofa biyu.

"Alhaji, matsa mana, ba kai na zo saye ba," in ji ta.

Ta sa tabarau ta karanta har ƙananan haruffan. Ta juya ga Tanimu ta tambaye shi mene ne wannan. Ya gaya mata yadda abin yake, ya ce gogewa ba za ta fitar da shi ba sai sabon fenti. Maganar kaki da mai kuwa bai ɗaga ta ba. Ya faɗi gaskiyar mota, ya rufa asirin mutum. Mu da mun sami wannan dama, da har kakan Alhaji sai ya ji a kabari.

Hajiya ta fashe da dariya har tana riƙe mayafi. Ta ce ai wannan ita ce motar da take nema: ba ta taɓa yin lodin buhuna ba, ba ta san doguwar tafiya ba, daga gida sai maƙabarta, kuma fasinjojinta ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Ta ce a sake wa ƙofofin fenti, tarihin motar kuwa ita da bakinta za ta faɗa a ƙauyukan kafin wani ya riga ta.

"Ta gaji da kai mutane," in ji ta, "yanzu sai ta riƙa kawo su."

Na ga fuskokinku, kuna jiran in ce Alhaji ya rungume Tanimu. Ba ku san dillalai ba. Ciniki ya faɗa, amma kunya ba ta faɗa ba. Kafin ƙurar motar ta kwanta ya kore shi.

Tanimu ya ɗaure injinsa a bayan keke, ya koma gindin wata tsamiya kusa da wani mai walda da ya yarda ya ja wuta. Mako uku ba aikin kirki, tuwo ya koma sau ɗaya a gidansa. Ba na son ku ɗauka gaskiya ba ta cizo.

Sai dai ungozoma ba gidan da ba ta shiga. Duk inda ta je suna, sai ta ba da labarin ƙofar. A hankali wata al'ada ta tsiro a garin: duk mai sayen tsohuwar mota sai ya ce a kai wa Tanimu ya goge ƙofa ɗaya tukuna. Ƙofa ɗaya kawai. Dillalin da ya ƙi, an san dalili. Ba a rufa wata shida ba sai ga Alhaji Nalado a gindin tsamiya, yana ta tambayar lafiyar iyali, yana cewa rumfa na nan yadda aka bar ta.

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Tanimu. "Wannan inuwar mai ita bai taɓa ce mini in shafa komai ba. Amma ka kawo motocin, zan goge."

Ya kuwa kawo, don ba shi da zaɓi.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Aibin da ka sani a kayanka, faɗe shi, ko da za a kore ka daga inuwa. Inuwa ta Allah ce, ba ta ƙarewa. Aibin ɗan'uwanka kuma, in faɗarsa ba za ta tsare kowa daga cuta ba, rufe shi. Mu mun juya abin: namu muke shafa wa mai, na maƙwabci muke bi da soso. Mai tumatir ya jera manya a saman kwando, magini ya rufe tsagar bango da filasta, wani kuma ya rufe nasa da farar riga da carbi mai tsawon igiyar guga.

Ku shafa, ba wanda ya hana ku. Amma irin waccan motar ta jana'iza tana nan tana aiki, duk wanda ya taɓa bin bayanta ya san ba ta saɓa alkawari, kuma inda take kai mutum ba ƙofa ɗaya ake gogewa ba. Kowa ya duba abin da ke rubuce a ƙarƙashin fentinsa tun soson yana hannunsa. Allah Ya sa mu dace.