Garwashi a Ƙarƙashin Toka

Afiniki ƙawata, tun da muka dawo daga jana'izar Kaka Biriskila nake juya wannan misali a raina. Ke ce mai koyar da ajin mata ran Lahadi. Ga shi, in kin ga ya dace ki karanta musu.

Akwai wata dattijuwa a wani ƙauye, a zamanin da ashana sai gidan mai hali. Wutar murhunta ba ta mutuwa. Da yamma in ta sauke tuwo, sai ta tattara garwashin kirya wuri ɗaya, ta lulluɓe shi da toka. Da gari ya waye matan unguwa sukan zo, kowace da fasasshen kasko, su ɗebi wuta. Wadda ta zo kuwa ba ta fita nan da nan. Wannan ta tsuguna ta faɗi abin da mijinta ya yi mata, waccan ta nuna ƙurjin da ya fito wa yaronta. Dattijuwar takan saurara, ta yi musu addu'a, su tafi.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da wata maƙwabciya, mace mai ƙoƙari da ke zaune a gidan da aka haife ta, rumbunta cike, gidanta ma ya fi kyau. Kowace safiya tana jin takun ƙafafu suna wuce ƙofarta zuwa ta gaba. Wannan ta daure. Abin da ya gagare ta shi ne 'yarta ta cikinta, wadda ta zo gida goyon ciki. Wata safiya ta jiyo dariyar yarinyar ta bayan katanga, tana ce wa dattijuwar "Mama".

Da ta dawo, uwar ta tare ta. "Mama, ko? Ni kuma fa, kututturen bakin hanya ce? Wa ya yi naƙudarki?"

"Haba Mama, wuta fa kawai na je ɗiba."

"Wuta tun fitowar rana har hantsi? Daga yau kaskonmu ba ya ƙara shiga gidan can. Mu ma muna da murhu."

Sai ta jibgo karan dawa, ta hura wuta har harshenta ya zarce katanga. Ta ce, "Bari su gani ko a gida ɗaya Allah ya ajiye wuta." Ba ta rufe ta da toka ba, gama wa zai rufe abin da yake so a gani? Haka ta yi ta ɗura mata kara kwana da kwanaki don kada ta mutu. Mata suka gani, suka ce sannu da aiki, suka wuce ƙofar gaba.

Ana nan sai 'yar ta haihu. Gajiya ta kwantar da uwar, barci ya sace ta. Da safe ta sa hannu a murhu, toka ce mai sanyi. Ga mai jego tana rawar ɗari, ga ruwan wanka a tukunya kamar na rijiya, ga jariri yana tsala kuka. Ba hayaƙi a ko'ina cikin unguwa, domin kowa daga gida ɗaya yake ɗiba.

Ta tsaya a tsakar gida har kukan ya fi ƙarfinta. Sa'an nan ta ɓoye kasko cikin zaninta ta fita. Da ta shiga gidan dattijuwar, matan da ke tsugune suka juyo suna kallonta.

Dattijuwar ta ce, "Maraba da kakar jariri! Barka da arziki." Ta durƙusa ta tone toka da tsinke, sai ga garwashi ja wur. Ta zuba mata, ta ce, "Riƙe da kyau, 'yata. Ai kayanku ne ya koma gida. Ranar da aka kawo ni garin nan amarya, ban san kowa ba, mahaifiyarki ce ta miƙo mini wuta ta kan katangar nan. Ita ta koya mini rufe ta."

Maƙwabciyar ta koma gida ta hura wuta. Ruwa ya tafasa, mai jego ta yi wanka.

Ma'anar wannan misali ita ce: garwashin nan bangaskiya ce, tokar kuma tawali'u. Wutar kara ita ce ibadar da ake yi don maƙwabta su gani. Kaka Biriskila ta haura shekara tasa'in, ba ta taɓa ba da waƙa a Zumuntar Mata ba, ba ta taɓa riƙe muƙami a ikilisiyarmu ta Baptis ba. Amma kin ga yadda majami'a ta cika, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, har da waɗanda ba ta haifa ba. Kin kuma ji raɗar da ake yi a benci: "Ita kaɗai ce uwa?" 'Yan'uwa, wadda ke ƙirga ƙafafun da ke shiga gidan wata, murhunta ne ke sanyi a bayanta. Bangaskiyar da muke wa wata kishi a kai ba tata ba ce, karɓa ta yi, mu ma an miƙo mana. In ɗanki ya sami ɗumi a gidan wata mai tsoron Allah, ba a ƙwace miki shi ba.

Ki tsaya a nan in kina karantawa, Afiniki. Sauran naki ne ke kaɗai. Mai jegon nan ni ce, jaririn kuma Yunana ɗana. Maƙwabciyar, wato mahaifiyata, tana zama a bencin gaba a ajinki. A bakin kabari ta dubi fuskata ta ce, "Ni ma za ki yi mini kuka haka?" Za ta gane kanta, wannan ya isa. In wasu suka gane ta, kunya ba za ta bar ta ta sake zuwa ba. Don Allah kada ki gaya wa kowa.