Koren Takalmin Gwaggo

An yi wani mutum a Ƙauran Namoda, bakanike ne, garejinsa ba nisa da tasha. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya kuma ba su suka yi laifin ba. Allah Ya ba shi hannu. In mota ta shigo tana rawar sitiyari, ya kama taya ya girgiza kawai, zai gaya maka inda ciwon yake. Direbobin Shinkafi da na Zurmi kan bar garejin garinsu su kawo masa. Sahun gaba yake salla, ba a taɓa jin sa da kowa ba.

Ya 'yan uwa, akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin mota da ake kira tayarod. Shi ke haɗa sitiyari da taya. Kansa kamar ƙwallo ne a cikin ɗan kofi. In ya cinye, ƙwallon yakan yi sako-sako, ran da ya fice kuwa, direba na murza sitiyari, taya na tafiya inda ta ga dama. Maganinsa guda ne, a cire a sa sabo.

Da kayan gyara suka yi tsada, wani direba ya roƙi mutumin nan ya yi masa dabara ya lallaɓa zuwa gida. Sai ya yanko ɗan guntun robar silifas ya cusa cikin kofin, ya bubbuge bakin da guduma, ya cika shi da giris. Rawa ta tsaya cak. Wannan direban ya san abin da aka yi masa, kuma a hankali ya tafi. Amma Shaiɗan ya samu ƙofa. Ya ce da bakaniken, tunda abin ya riƙe, me zai hana?

Daga nan in aka kawo masa mota aka ce a sa sabo, sai ya cire tsohon ya zaga baya da shi, ya wanke da fetur, ya cusa roba, ya buge, ya shafa baƙin fenti, ya mayar. Kun san al'adar direba, sai ya ce a nuna masa tsohon da aka cire. To, yana da tsibin tsofaffi a bayan gareji, sai ya ɗauko ɗaya ya miƙa. Direba ya jujjuya, ya gode, ya tafi da addu'a a bakinsa. Wace irin zuciya ce ke karɓar addu'ar mutumin da ta yaudara, har ta amsa da amin?

Mutumin nan maraya ya tashi. Ƙanwar ubansa ce ta goye shi, ta sayar da ƙuli-ƙuli ta ciyar da shi, ita ta kai shi koyon aiki da hannunta. Kowa Gwaggo yake ce mata, kuma a gidansa take zaune da ta tsufa. Wata rana ta gan shi yana tsince tsofaffin takalma a tsakar gida yana zubawa a buhu, har da wani koren silifas nata da ya tsinke.

Ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka yi da takalman ga? Ko ka koma dukanci ban sani ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Aiki nika yi da su, Gwaggo."

Ta ce, "To, Allah shi sa albarka."

Ba a daɗe ba wani direban haya mai suna Namadi ya kawo motarsa. Mutum ne mai iyali, mai tsoron hakkin fasinja. Ya ce, "Oga, ka san hanyar Zurmi yanzu. Akwai wuraren da ba a rage gudu don tsoron ɓarayin daji, ko rami ne sai dai ka faɗa ka wuce. Don Allah sabo nika so, ko nawa ne." Bakanike ya ce ya kwantar da hankalinsa. Ya zaga baya ya yi abin da ya saba.

Sai aka yi haihuwa a dangi can Zurmi, Gwaggo ta ce sai ta je suna. Da safe ya ɗaukar mata ƙunshin kayanta ya raka ta tasha. Suna isa ya ga motar da ke kan layi. Ta Namadi ce.

Namadi ya taso da murna ya riƙe masa hannu. Ya dubi sauran direbobi ya ce, "Kun ga mutumin ga? Tun da yat taɓa min sitiyari ban ƙara jin ko motsi ba." Ya sa aka ba Gwaggo kujerar gaba don girmamawa.

Ya 'yan uwa, ku tsaya nan ku yi tunani tare da ni, don nan ne wurin da ya fi ba ni tsoro. Allah Ya buɗe masa ƙofar tuba a gaban idonsa. Kalma ɗaya ta ishe shi. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya ce Namadi, sauke mutane, kawo motar nan, na cuce ka. Zai ji kunya, za a zage shi, ƙila a daina kawo masa aiki. Ya auna kunyarsa da ran matar da ta goye shi, da rayukan bayin Allah da ke zaune a baya, sai kunyar ta fi masa nauyi. Ya ce a ransa, ai wasu sun yi watanni da irinsa lafiya lau. Ya rufe mata ƙofa da hannunsa.

Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce, "Koma wurin aikinka, ɗan nan. Allah shi yi maka yadda kaka yi wa mutane."

Addu'ar alheri take nufi, wallahi. Ita abin da ta sani ke nan game da shi.

Ba su kai Zurmi ba. A wani gangare kusa da kwalbati motar ta daki rami, ƙwallon ya fice, tayar gaba ta karkace. Namadi ya murza sitiyari ya ji shi sakayau. Gwaggo ko shurawa ba ta yi ba. Wata mata da jaririnta ma suka rasu. Namadi ya rayu, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba, kuma gari ya ɗauka da cewa gangancinsa ne. Bakanike yana zaune kan tabarmar makoki yana jin ana zagin Namadi, ya ci gaba da karɓar gaisuwa.

Bayan an share makoki, shugabannin tasha suka jawo motar don a san gaskiya. Wa za su kai wa in ba amintaccensu ba? Aka ɗaga ta a garejinsa, mutane suka kewaye, ya kwanta ya shiga ƙarƙashi. Shiru, shiru, bai fito ba. Da suka ja shi ta ƙafa, sai ga shi yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya damƙe wani abu a hannu. Aka ɓamɓare yatsunsa, ɗan guntun koren roba ne, duk giris.

Ya ce, "Takalminta ne. Ni na sa shi."

Ranar da kyar ya tsira daga hannun jama'a. Hukuma ta yi nata, gareji ya rufe, matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu. Da ya fito daga gidan yari, hankalinsa bai dawo daidai ba. Ni da idona na gan shi a bakin titin Shinkafi, yana tsintar takalman da aka yar yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, yana ajiyewa.

Ya 'yan uwa, algus ba a mudun gero kaɗai yake ba. Yana cikin allurar mai kemis, yana cikin simintin magini, yana ƙarƙashin mota inda mai ita ba ya gani. Duk wanda aka miƙa wa aiki, amana aka miƙa masa, kuma Wanda ke gani a bayan gareji ba Ya gyangyaɗi. In kuwa ka riga ka yi, to kada kunyar mutane ta rufe maka baki. Je ka faɗa yau, tun motar ba ta tashi ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba Namadi ladan haƙuri, Ya tsarkake hannuwanmu daga cin amana. Allah Ya kiyaye mu, Ya kiyaye waɗanda suka yarda da mu.