Kuɓewar Hajiya Mariyamu da Tattabarun Haisam

Akwai wata tsohuwa a unguwar Sih a Madina, Hajiya Mariyamu. Shekara arba'in ke nan duk kaka sai ta shanya kuɓewa a saman gida, kuma da shanyar nan take gane irin hunturun da ke tafe.

Bara ta ga kuɓewarta ta bushe ƙayau cikin kwana biyu, ko raɓa babu. Ta kira autanta Haisam, wanda ke kiwon tattabaru a saman gidan. Ta ce haka aka yi shekarar da ta haifi yayarsa Sundus, haka kuma shekarar da babansu ya rasu, duk biyun sanyi ya gasa wa mutane aya a hannu. Ta ce masa ya rufe ɗakin tsuntsayensa tun da wuri.

Haisam ya yi dariya, ya sumbaci goshinta.

"Ya ummi, khalas! Jawwal, wayar nan tawa, ta ce da sauƙi bana. Kuɓewa ce za ta fi waya sani?"

Ba ta ja da shi ba. Ta tattara tsofaffin buhunan shinkafa, kullum bayan la'asar tana ɗinke su da idonta da ba ya gani sosai. Shi kuwa gogan naku sai tsokana, wai ko kwat take ɗinka wa tattabaru.

Ana nan aiki ya kai shi Jidda. Kwanansa biyu Sundus ta kira shi, ta ce iska mai yanka fata ta sauko Madina. Nan take ya kamo hanyar gida, don ya bar 'yan shila goma sha biyu da ko gashi ba su gama yi ba.

Da hantsi ya iso, ya haye sama da gudu. Ya tarar da ɗakin tattabarun a lulluɓe ruf da buhuna, 'yan shilar duk da ransu.

Ya sauko ya sami Hajiya kwance, gwiwoyinta sun kumbura suntum. Ashe ita kaɗai ta hau hawa uku, tana jan buhunan. Wallahi sai da hawaye suka zubo masa, ya ce a kan tsuntsaye za ta kashe kanta?

Ta shafa kansa.

"Ina ruwana da tsuntsaye, auta? Kai ne ba na son in ga ranka ya ɓaci."

Darasi: Idan iyaye sun ce sun taɓa ganin irin wannan, ku saurara. Sun gani da idonsu, kuma ƙauna ce ke sa su faɗa. Ku tura wa wanda mahaifiyarsa ke raye, ya kira ta yau.