Yashin da Ake Zubawa a Ƙofar Bilyaminu

Akwai wani ɗan kasuwa a Gidan Rumji mai suna Bilyaminu, yana da shagon kayan masarufi a bakin hanya. Da kasuwa ta buɗe masa, sai ya sa aka shimfiɗa karo a ƙofar shagon, farin daɓe mai ƙyalli kamar madubi.

Baba Iro, dattijon da ke da tsohon shago a tsallaken hanya, ya zo ya duba ya ce, "Ɗana, wanga daɓe na cikin ɗaki ne. In ruwa ya taɓa shi, zai kada mutane."

Bilyaminu ya yi godiya a baki. A ransa kuwa ya ce hassada ce, don masu saye sun fara barin tsohon.

Damina ta sauka. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, sai Bilyaminu ya tarar an barbaɗa yashi a ƙofarsa. Ya share. Aka sake ruwa, aka sake zubawa. Sai ya fara zargi. Waye ke yi? Daga ina aka ɗebo ƙasar nan, me aka tofa a cikinta? Ranar da ciniki ya ja baya, sai ya ce ga aikin ya fara ci.

Wata safiya bayan sallar asuba ya laɓe a bayan shagon. Sai ga Baba Iro da kwano a hannu, yana barbaɗawa.

"Na kama ka!" Bilyaminu ya daka tsawa har masu fitowa daga masallaci suka taru. "Asiri kake yi mini don kasuwata ta mutu!"

"Yashi ne kawai, ɗana. Don santsi."

"In na sake ganin ƙafarka a nan, jandarma za su raba mu."

Dattijon ya ɗauki kwanonsa ya tsallaka hanya.

Bayan kwana huɗu aka yi ruwa ranar kasuwa. Inna Mairo, wata tsohuwa daga Cadakori, ta zo sayen sabulu. Tana taka daɓen, ƙafarta ta zame, ta faɗi a kan ƙugunta. Ƙashi ya karye.

Ɗanta ya kai ƙara wurin jandarma. Mutane suka ba da shaida cewa an gargaɗi mai shago, shi kuma ya kori mai zuba yashin. Aka rufe shagon, aka ɗora masa jinyar tsohuwar.

Baba Iro ne ya bi dangin har gida yana ba su haƙuri, har suka yarda a sasanta.

Da Bilyaminu ya je neman gafara, ya kasa ɗaga kai. "Baba, me ya sa ka tsaya mini bayan abin da na yi maka?"

"Ni na yafe tun ranar," in ji dattijon. "Amma jiya na je gidan likita na gano Mairo. Sun ce da wuya ta sake tafiya ba sanda. Can ya kamata ka je, ba nan ba."

Darasi: Duk wanda ya tako ƙofar shagonka amana ce a wuyanka, ka gyara wurin tun kafin wani ya ji rauni. Kuma kada zargi ya sa ka kori mai nufinka da alheri. Ku tura wa duk mai shagon da kuka sani, damina ta kusa.