Katin da ya riga goro zuwa Sandamu

Akwai wata tela a cikin garin Daura, sunanta Zubaida. Kirki kam ba a magana, sai dai yatsanta bai san haƙuri ba. Abu in ya shiga wayarta, to ya shiga duniya.

Da dangin Hafizu suka kawo ranar da suke so a ɗaura aurensa da ƙanwarta Firdausi, amarya ta kama hannunta.

"Yaya, don Allah kar ki ɗora komai. Ba ma son taro, 'yan uwa kawai. Kuma ba a kai wa Baffa goro ba tukuna."

Baffa Sharu ƙanen mahaifinsu ne, manomi a Sandamu. Tunda mahaifinsu ya rasu, shi ne waliyyi, kuma rana ba ta zama rana sai ya ce to.

Zubaida ta yi alkawari. Ta daure kwana biyu cur. A na uku ta haɗa kati mai furanni, ta rubuta cewa Malam Sharu na gayyatar jama'a, ta ɗora a WhatsApp. Wai na minti biyar ne.

Da la'asar Baffa na zaune ƙofar gida, maƙwabcinsa ya miƙo masa waya. "Malam, ashe biki gare mu? Allah Ya sanya alheri!"

Tsoho ya ga sunansa yana gayyatar mutane ranar da shi kansa bai sani ba. Ya aiko da saƙo gajere: tunda waya ta sa rana, waya ta ba da auren.

Firdausi ta wuni tana kuka. Washegari Zubaida ta sayi goro, ta shiga motar Sandamu, ta durƙusa gabansa.

"Baffa, na tuba."

"Mutum nawa suka gani?"

"Ɗari uku ne kawai, Baffa."

"Kawai! Wato ni ne na ɗari uku da ɗaya. Ni da na yi miki huɗuba a kunne, 'yar nema."

Ya daɗe yana juya goron a hannu. Can ya ɓara ɗaya, ya jefa a baki.

"Zan ba da aure. Amma na ƙara mako guda, kuma ba kati. Duk wanda ya kamata ya sani, ke za ki taka ki kai masa goro."

Haka ta yi ta yawo, har Mashi wajen wata goggonsu da rabonta da ita shekara huɗu. Tsohuwa ta rungume ta, ta hana ta tafiya sai da ta sha fura.

Ranar tsohon kati, wasu ƙawayen waya suka ci kwalliya suka zo, suka tarar da Iya, mahaifiyar amarya, tana shanya.

Mako na zagayowa aka ɗaura aure cikin natsuwa. Baffa ya yafito Zubaida, ya gyara hula, ya tsaya kusa da amarya.

"Ɗauke mu hoto ɗaya. Ki wanko min a takarda in rataya a ɗaki. In na gan shi a wayar wani, ni da ke ne."

Darasi: Farin cikin gida na 'yan gida ne kafin ya zama na waya. Kar ka ɗora auren wani sai da izininsa, kar manya su ji labarin gidansu a bakin maƙwabta. Wannan labarin kam na ba ku izini, ku tura shi, musamman ga Zubaidar gidanku.