Bunsuru da Buhun Barkonon Lantana

An yi wani Bunsuru a gidan wata mata mai suna Lantana, wadda sana'arta dakan yaji ce. Ƙato ne, ga gemu, ga girman kai. A gidan akwai Agwagwa mai yawan gardama, da wata tsohuwar Tunkiya da ba ta cika magana ba.

Wata rana suna bakin kududdufi, Agwagwa ta nutse ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta fito, Bunsuru ya tambaye ta yadda take hana ruwa shiga mata ƙirji. Ta ce ita ba ta hana komai. Da ruwan sanyi ya taɓa mata hanci, jijiyoyinta ne ke rufe maƙogwaro, su rage bugun zuciya, su tattara jini inda aka fi bukatarsa, tun kafin ta yi tunani.

Tunkiya ta ce haka ita ma take ji idan hayaƙin murhu ya buge ta. Jini yakan taru a cikin hancinta, wurin ya yi zafi ya kumbura, majina ta zubo, kuma ba wanda ya nemi izininta.

Bunsuru ya yi dariya har gemunsa na rawa.

"Wato ku bayi ne a jikinku," in ji shi. "Ni jinina ba ya zuwa ko'ina sai na aike shi."

"Har da atishawa?" Agwagwa ta tambaya.

"Har da ita. Sai na ga dama."

"Ƙarya kake yi, Malam Bunsuru."

"Ke da ko haƙori ba ki da shi, ke za ki ƙaryata ni?"

Gardama ta yi tsawo. Daga ƙarshe Bunsuru ya ce zai shiga ɗakin ajiyar Lantana, inda dusa take gefen buhunan barkono, ya ci ya ƙoshi ya fito ba tare da an ji ko tarinsa ba. Tunkiya ta ce masa ya bari, ya ce tsufa ne ya sa ta tsoro.

Da rana ta take, Lantana na tsakar gida tana daka, ya lallaɓa ya tura ƙyaure da ƙaho ya shige. Ya sami kwanon dusa ya lashe shi tas. Da ya tsaya nan, da ya fita lafiya. Amma sai ya hango wani buhu a buɗe da jan gari a ciki, ya ɗauka wani abin daɗi ne ake ɓoye masa. Ya cusa kai ya shaƙa.

Nan take ya ji cikin hancinsa ya ɗau zafi. Jini ya yi ta kwarara zuwa wurin, hanyar iska ta kumbura ta ƙuntata, idanunsa suka cika da hawaye. Ya ba jinin umarni ya koma inda ya fito. Jinin bai saurare shi ba.

Ana haka sai ya ji an daina daka. Lantana ta shigo neman rariya. Ya maƙale a bayan buhuna, ya danne numfashi, ya toshe hanci da gwiwa. Ta ɗauki rariyarta ta juya, har ta kai bakin ƙofa.

Atishawar da ta kufce masa sai da ta ɗaga shi daga ƙasa. Ƙahonsa ya daki tukunyar man gyaɗa ta faɗo ta fashe. Ta biyu ta biyo, ta uku ta biyo, garin barkono ya tashi ya cika ɗakin.

Lantana ta kamo shi da kunne ta ja shi waje, ita ma tana tari. Ta dubi man da ya malale da yajin da ya lalace, ta ɗaure shi a turke, ta ce wa mijinta wannan dabba ta gama zama a gidanta.

Da yamma Tunkiya ta zo ta tsaya kusa da shi. Ta gaya masa kumburin nan da majinar da yake jin kunyarsu su ne suka tare barkonon bai kai masa huhu ba. Bunsuru ya buɗe baki zai musa, sai wata atishawar ta riga shi.

Ranar kasuwa aka sa masa igiya a wuya aka yi gaba da shi. Agwagwa da Tunkiya suna jiyo atishawarsa har ya sha kwanar fadama.

Darasin wannan labari shi ne, a jikin kowane mai rai akwai masu tsaro da ke aiki ba sa jiran umarninsa, kuma don amfaninsa suke yi. Wanda ya yi alfahari da ikon da ba shi da shi, ya ƙara da kwaɗayi, jikinsa ma ya isa ya tona masa asiri.